Suna na Biyar

Ni dai ban nemi aikin nan ba. Bakina ne ya jawo mini shi, kamar yadda ya jawo mini yawancin abubuwan da suka hana ni sakat a rayuwa.

A shekarun 1960, lokacin ana ta rushe-rushe da gine-ginen faɗaɗa Harami, sana'ata ɗaukar shibriyya ce. Wani ɗan gado ne na katako, mu huɗu muke ɗora shi a ka, tsoho ko maras lafiya yana zaune a sama, mu yi masa ɗawafi. Yawancin masu wannan aiki mu ne, Hausawa. Gidanmu a unguwar Utaibiyya yake, ɗaki biyu da tsakar gida wadda ba ta wuce shimfiɗar tabarma uku ba. Ina saurayi na shigo Makka, bayan iyayena sun daɗe a Sudan suna tsinkar auduga a kan hanyarsu ta hajji. A can na koyi ƙwallo, a can kuma na baro rabin haƙorina na gaba.

Shibriyya ce ta koya mini kallon ƙafa. Kowane ƙato yana iya zagayen farko da na biyu. A na shida da na bakwai ake sanin mutum. Wani wuyansa zai fara lanƙwasa, gadon ya karkace, tsohuwar da ke sama ta hau salati da ƙarfi. Wani kuwa takunsa na bakwai daidai yake da na farko. Da wannan ido nake zuwa kallon wasan 'yan makaranta ranar Alhamis bayan la'asar. Jama'a suna ta ihu a kan mai iya yanka, ni ina jiran kwatan awa na ƙarshe in ga wane ne zai koma baya da gudu idan ƙwallo ta kuɓuce masa, wane ne kuma zai tsaya ya riƙe ƙugu.

Duk shekara, idan an gama gasar makarantu, nadin garin, wato kulob ɗinmu na ƙwallo, yakan ɗauki samari daga cikin masu gama sakandare. Wata guda kafin nan ba a wata hira a gidan gahawa sai ta wa za a ɗauka. Ni kuwa ba na iya jin shirme in yi shiru. Shekara uku a jere ina cewa wannan da suka ɗauka ba zai kai hajji biyu yana wasa ba, wancan da suka bari kuma za su yi da-na-sani, kuma shekara ukun nan haka aka yi. Har aka fara matsa mini kujera idan na shigo, ni da a da sai dai in tsaya a bakin ƙofa da kofin shayina.

Labari ya kai ga rayyis, shugaban 'yan wasan nadin. Balarabe ne ɗan Makka, mai shagon yadi, mutum mai tumbi da fara'a. Ya aiko aka kira ni. Da muka gaisa, tambayar farko da ya yi mini ita ce, "Esh kunyatak, ya Hajj?"

Na fi shekara ashirin a Makka a lokacin, na san abin da yake nufi sarai. Kunya a wurinsu ita ce sunan da ake kiran mutum da shi ta wajen ɗansa na fari, Abu wane. Amma kunne na Bahaushe ne, duk lokacin da na ji kalmar sai gabana ya faɗi. Na ce masa Hajj ɗin ma ya wadatar. Ya yi dariya, ya ce to. Sannan ya faɗi abin da yake so: ranar Alhamis mai zuwa za a yi wasan ƙarshe, in zauna kusa da shi, in an tashi in ba shi suna biyar. Waɗanda na faɗa su za a rubuta. Ya ce shi yadi ya sani, idonsa a kan wanda ya ci ƙwallo kaɗai yake tsayawa, kuma ya gaji da ɗaukar yaran da ke narkewa kafin shekara.

Na fito daga shagon ina jin kaina ya yi girma. Ban kai ƙarshen layin ba girman ya sace, don na tuna wane ne mafi kyau a cikin samarin shekarar.

Ɗana ne. Ɗan fari, kuma sunan mahaifina aka sa masa, kunya biyu ke nan a kan mutum ɗaya. Shekararsa goma sha takwas, ban taɓa furta sunansa ba. A gida mai sunan Malam muke ce masa, in kuwa a waje ne sai in ce yaron nan. Lamba takwas yake sawa, ɗan tsakiya, dogo, ba ya yanka don burge kowa, ba kasafai yake cin ƙwallo ba. Wanda bai iya kallo ba zai iya tashi daga fili bai san ya yi wasa ba. Ni kuwa tun yana shekara goma sha biyu na ga yadda diddigensa ke sauka, na san Allah ya yi ƙafa a gidana. Ban taɓa gaya masa ba. Idan ya dawo daga wasa jikinsa duk ƙura, ya tsaya a gabana yana jiran in ce wani abu, sai in tambaye shi ko ya yi la'asar a kan lokaci.

A Makka aka haife shi, takardunsa sun cika, bakinsa ya fi karkata ga Larabci. Abokansa iyayensu suna rungume su a bakin fili, suna kiran sunansu har murya ta dushe. Ni ina can kusurwa, bayan mai sayar da ruwa. Shekarar nan kuma ita ce ta ƙarshe a gare shi a makaranta, kuma babu abin da yake so a duniya kamar rigar nadin nan.

Satin nan ban zauna wuri ɗaya ba. In na shiga gida sai in ji kamar ana kirana a waje, in na fita sai in rasa abin da ya fito da ni. Na je gidan gahawa na bar shayi ya huce, na tashi ban sha ba. Ranar Litinin ina ƙarƙashin shibriyya na ɓata taku, har wani tsoho ɗan Turkiyya ya damƙi gefen gadon. Babban ayarinmu, wani dattijo Basakkwace da ya girme ni nesa, ya juyo da ido kawai, don wuyansa ba ya juyuwa da kaya a kai. Da muka sauke ya ce, "Kai, in barci kaka ji, tafi gida. Nan ba wurin mafarki ba na." Na ba shi haƙuri, abin da ban saba ba.

Na yago bayan kalanda na zauna rubuta sunayen da ajami. Huɗu suka fito salin alin: gola ɗaya, ɗan baya ɗaya, 'yan gaba biyu. A na biyar alƙalami ya tsaya. Uwargida tana tsince shinkafa tana kallona ta wutsiyar ido.

"Malam," ta ce, "rubutawa fa ba faɗa ba ce."

"To ke faɗi sunan in ji, tunda abin da sauƙi."

Ta ja gefen mayafi ta rufe baki tana dariya, ta ce in rufa mata asiri. Ita ma ba ta taɓa faɗa ba. Amma maganarta ta ba ni dabara. A layi na biyar na rubuta takwas, lamba kawai, na ninke takardar na sa a aljihu. Zan miƙa wa rayyis, ya karanta da kansa, ba sai na buɗe baki ba. Na ji daɗin wayona ƙwarai. Duk da haka kafin Alhamis na ciro takardar nan na duba ta ya fi sau talatin, kamar lambar za ta gudu.

Unguwa duk ta san ni ne mai zaɓe, yaron nan ma ya sani. Ranar Laraba da azahar ya kawo mini ruwan alwala a buta, abin da rabonsa da yi tun yana ƙarami. Ya tsaya.

"Abuya, gobe za ka zo?"

"In Allah ya so."

Bai tafi ba. Yana tsaye yana murza yatsu, ƙato guda wanda ya fi ni tsawo. Raina yana ce mini in gaya masa ya kwantar da hankalinsa, lambarsa tana aljihuna. Abin da ya fito daga bakina shi ne ya je ya sayo burodi kafin a rufe tanda.

Filin a bayan gari yake, wajen Aziziyya, lokacin babu komai a can sai duwatsu da awaki. An kawo wa rayyis kujera, ya sa aka kawo mini tawa. Mutanen unguwarmu suka taru a bayana, har da dattijon ayarinmu wanda bai san gaban ƙwallo da bayanta ba, ya zo ne don a ce namu ne ke zaune kusa da rayyis.

Ba zan cika ku da labarin wasan ba. Makarantar yaron nan ta ci ɗaya da nema. Wanda ya ci wani gajere ne mai yanka kamar almakashi, jama'a suka ɗauke shi a kafaɗa, amma ni na ga tun da aka dawo daga hutun rabin lokaci tafiya kawai yake yi. Abin da na zo gani ya faru saura minti kaɗan a tashi. Ɗan gaban ɗaya makarantar ya kuɓuce, daga shi sai gola. Lamba takwas yana can wajen ragar abokan hamayya. Ya taso. Kowa ya gaji, rana ta gasa su, wasu ko ɗaga ƙafa ba sa iyawa, shi kuwa takunsa irin na farkon wasa. Ya cim masa, ya zare ƙwallon ba tare da ya taɓa ƙafarsa ba, ya ɗaga kai ya miƙa wa na gefe, ya ci gaba kamar ba abin da ya faru. Ba wanda ya tafa.

Da aka hura tashi na ciro takarda na miƙa. Rayyis ya buɗe, ya kai kusa da ido, ya nisanta, ya juya ta. Rubutun allo ne irin namu na Kano, shi kuwa bai saba da shi ba. Ko ƙasan takardar bai kai ba ya mayar mini.

"Wannan rubutu naka sai kai, ya Hajj. Karanta mini, ni in rubuta."

Na karanta huɗu. Yana rubutawa yana gyaɗa kai. A nan na tsaya.

"Na biyar fa?"

Na dubi takardar kamar ban gane hannuna ba. Sai ya nuna fili da alƙalami ya ce, "Wancan dogon, mai lamba takwas. Na ga ba ka ɗauke ido daga kansa ba. Yaya yake?"

Mutanenmu suna tsaye a bayana. Duk sun san ko wane ne. Dattijon ya yi gyaran murya. Na ji idanunsu a ƙeyata, mutanen da muka ci tuwo a kwano ɗaya, waɗanda suka zo sunan yaron nan. A ce in buɗe baki a gabansu in yabi ɗan farina? Zufa ta karyo mini. Na ce, "Mashi halu."

Ba laifi ke nan. Da Hausa na yi tunanin, na juya shi zuwa Larabci. A wurinmu idan uba ya ce ɗansa ba laifi, ai ya gama yabo, sauran sai wani ya ƙarasa masa. Haka ake yi: a sake tambaya, uba ya sake kaucewa, sai wani babba a gefe ya ce a'a, ku bar shi, yaron nan babu irinsa. Na ji mutanena suna ɗan gunaguni na jin daɗi, wato wannan mutum ya san ya kamata. Ba zan ɓoye ba, na ɗan ji daɗin hakan. Ina jira a sake tambayata, ina jira dattijon ya sa baki.

Dattijon bai sa ba. Daga baya ya ce mini shi ba a tambaye shi ba, kuma Larabcinsa na Harami ne, bai wuce na cewa a ba da hanya ba. Rayyis kuma bai sake tambaya ba. A kunnensa mashi halu na nufin yaro ne na tsaka-tsaki, irin wanda ake samu a kowane lungu. Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "To, mu sa wanda ya ci ƙwallon. Halas, shi ke nan." Ya rubuta sunan gajeren, ya rufe littafi, ya riƙe hannuna da hannu biyu yana godiya. Aka fara kiran magariba, ya nufi motarsa.

Tsakanina da motar nan bai fi taku ashirin ba. Takardar tana hannuna, takwas ɗin tana nan a ƙasa ɓaro-ɓaro, ko jariri zai karanta. Ni da nake alfahari da ƙafa, na tsaya ina kallo har motar ta tayar da ƙura.

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Washegari bayan an sauko daga Juma'a muna zaune a kan abinci, yaron nan ya ajiye cokali.

"Abuya. Mashi halu?"

Na ci gaba da tauna.

"Ni ban ce ka yi ƙarya saboda ni ba, wallahi. Bas, kawai ka faɗi abin da ka gani. Ko abin da ka gani ke nan?"

Na yi abin da mutum yake yi idan ba shi da gaskiya, na hau faɗa. Na ce ni zai titsiye a gidana? Na ce ƙwallo ce za ta ba shi aljanna? Uwarsa ta shiga tsakani, murya ƙasa-ƙasa, ta ce, "Haba mai sunan Malam, ba ka gane ba ne. Kunya ce. Ubanka kunya ya ji."

Ya dube ta, ya dube ni. Idonsa ya kawo ruwa amma muryarsa ba ta yi rawa ba. Ya ce, "Kunya? Ummi, kowane uba a garin nan kunyarsa sunan ɗansa ce. Ni kaɗai ne kunyar ubana ta zama ɓoye ni."

Ya tashi ya wanke hannu ya fita. Na so in bi shi da zagi, na rasa ta inda zan fara. Na ji zafin maganar har cikin ƙashina, don ban ga inda ya yi kuskure ba.

Asabar da hantsi ban je Harami ba. Na nufi shagon yadi. Sau biyu ina wuce ƙofar ina dawowa, har maƙwabcinsa mai turare ya fara kallona. A na uku na shiga. Rayyis yana auna wa wata mata yadi. Na jira ta fita, na ce, "Ya rayyis, ranar nan ka tambaye ni kunyata."

Sai na faɗa. Abu, sannan sunan. Sunan mahaifina, sunan ɗana, karo na farko a bakina, don ko ranar suna liman ne ya faɗa. Na zaci wani abu zai faru. Rufin shagon bai faɗo ba, mai turare bai daina ciniki ba. Na ƙara da cewa shi ne mai lamba takwas, kuma in aka haɗa huɗun da na ba shi ba su kai shi ba.

Rayyis ya dafe goshi. "Ya shehi! Ɗanka ne? To me ya hana ka faɗa?" Na fara yi masa bayani, na ga bayanin ba ya shiga, na bari. Ya ce sunayen sun tafi Jidda tun da asuba, an rufe rajista, ba a ƙari sai baɗi. Ya ce in kawo shi baɗi, ko ba makaranta zai karɓe shi a kan maganata.

Na koma gida da wannan a hannu kamar wani abin kirki. Ban iya gaya masa da kaina ba, uwarsa na aika. Ta dawo ta ce ya ce ya gode. Kafin hajjin shekarar ya sami aiki a motocin da ke jigilar alhazai zuwa Mina da Arfa, ya koyi tuƙi, ya ba ɗan maƙwabta takalmansa na ƙwallo. Da baɗi ta zo na sake aikawa. Ya ce ba shi da lokaci. Bai taɓa yi mini rashin kunya ba bayan ranar nan, bai kuma sake tsayawa a gabana yana jiran in ce wani abu ba. Wannan ya fi mini ciwo.

Huɗun nan duk sun yi wasa shekaru, biyu har aka san su a wajen Makka. Gajeren bai kai hajji ɗaya ba. A gidan gahawa aka riƙa cewa idona ba ya kuskure, wai da rayyis ya bar ni na zaɓi na biyar da an more. Duk lokacin da aka faɗi haka sai in tashi in bar musu wurin. Tun daga ranar shagon kuma Larabawa suka kama kirana Abu wane, ina amsawa. Mutanenmu suka yi ta tsegumi wata biyu, suka gaji suka bari. Abin da na ji tsoro ke nan gaba ɗayansa, tsegumin wata biyu.

Shekara ashirin da wani abu bayan haka gwiwata ta ƙare, kamar yadda ta kowane mai shibriyya take ƙarewa. Wani Ramadan na ce ina son ɗawafi, aka kira yaran da suka gaje mu. Yaron nan ne ya kawo ni a motarsa. Lokacin ya haura arba'in, da furfura a gemu da 'ya'ya biyar. Da aka zaunar da ni a kan gadon, sai ya dafa ɗaya daga cikin huɗun ya ce ya matsa. Ya naɗe gammo ya shiga kusurwar gaba ta dama, wurina na da. Bai taɓa ɗaukar shibriyya ba a rayuwarsa.

Allah ya gafarta mini, ɗawafin nan rabin hankalina ba ya kan addu'a. Ina sauraron kusurwar dama. A zagaye na biyar na bayan hagu ya fara haki. A na shida gadon ya ɗan karkata baya. Kusurwar dama ba ta motsa ba. Na bakwai ya zo ya wuce, takun nan yana nan yadda na san shi.

Da suka sauke ni na kama hannunsa. Akwai jama'a, akwai mutanenmu, ban damu ba. Na ɗaga murya da Larabci yadda kowa zai ji, na kira sunansa, na ce wannan ɗana ne, kuma tunda nake kallon ƙafa a Makka ban ga irin tasa ba.

Ya share zufa da gammon. Ya yi ɗan murmushi, ba na mugunta ba, ya ce, "Mashi halu, Abuya."

Sannan ya tafi ɗauko mini takalmana.